Ƙunshin da Na Kawo daga Azare

Har yau in ina saka manhaja a kwamfuta, ta kai rabi ta tsaya ta ce wai in tabbatar ina da intanet, sai in ji wuyana ya ɗauki zafi. Abokan sana'a sun san ni da wannan, har tsokanata suke yi, wai ina zagin na'ura kamar tana da kunne. Ba da na'urar nake ba. Da mutumin nake, wanda ban taɓa gani ba, wanda ya zauna a garin da wuta ba ta ɗaukewa kuma layi ba ya yankewa, ya ƙulla abu rabi da rabi ya sako mana, ya ce sauran kowa ya ɗebo da kansa. Wannan haushi yana da asali, kuma asalinsa surukina ne, Allah ya ji ƙansa.

Ni mai gyaran kwamfuta ne. A Maiduguri aka haife ni, shagona yana bakin titi a Wulari, gidana yana lungun bayansa. Tun kafin rikici na sauke Windows daga kwamfutar aikina, ba don wata ƙiyayya ba. Filas ɗin mutanen garin nan ne ya kore ni. Kowa zai zo da nasa cike da bairos, ya cusa maka, ya tafi ya bar ka da jinya. Sai na koma Linux, tsarin da ba mallakar kowa ba ne, kowa na iya buɗe cikinsa ya duba ya gyara. Matsalarsa ita ce manhajojin da aka yi domin Windows ba su san shi ba. Akwai wata manhaja mai shiga tsakani, da ke lallaɓa su har su ɗauka a gidansu suke. Amma ko da ita, kowace manhaja tana da 'yan kayan da ta saba tararwa a gida, in ta laluba ba ta ji su ba, ba ta motsi. Aikina shi ne in tattaro manhajar da kayanta in ƙunsa su wuri guda, yadda mai kwamfuta zai danna kawai ta tashi. Ina ji da kaina a wannan aiki, kuma a lokacin na fi haka ji da kaina.

Matata Kanuri ce, 'yar unguwar Shehuri. Mahaifinta malami ne, ba daga cikin manyan da ake ji a rediyo ba. A zaurensa yake karantar da tafsiri bayan la'asar, ya karanta aya ya juya ta da tsohon Kanurin nan na malamai, wanda ko 'ya'yansa ba duka suke ganewa ba. Tsakanina da shi kuwa sai kunyar suruki. In na je gaishe shi, tun daga ƙofar zaure nake cire takalmi, in durƙusa can nesa, kaina a ƙasa. Ya ce, "Lale, lale," ya yi addu'a ƙasa-ƙasa, in shafa in sulale. In na hango shi a hanya sai in sauya lungu. Haka aka koya mana, kuma dangin matata suna yabona a kan haka, wai Bahaushen nan yana da tarbiyya.

A shekarun nan da gari ya rikice, mutanen nan, waɗanda ko a cikin ɗaki ba ma kiran sunansu, suka same shi a ƙofar gidansa da rana tsaka. An ce wata magana ya faɗa a wurin karatu da ba ta yi musu daɗi ba. Ba zan tsaya a kan wannan ba, don in na tsaya ba zan wuce ba.

Cikin kayan da ya bari akwai wata 'yar rikoda, ba ta kai tsawon tafin hannu ba. Wani tsohon ɗalibinsa ne ya kawo masa tsaraba daga aikin hajji shekaru da yawa baya, da ita yake ɗaukar karatunsa. Matata ta ce sau da yawa yakan manta bai kashe ba, ya tashi daga zaure ya shiga cikin gida da ita a aljihu. Sai ta yi ta ɗauka: yana tambayar ina shayinsa, yana tsokanar mahaifiyarta a kan gishirin miya, yana dariya. Wannan take so ta sake ji. Tafsirin na ɗalibai ne, in ji ta, ita dariyar take nema. Hoto ɗaya ba su da shi na kirki, don ba ya son a ɗauke shi.

Sai dai rikodar ta daɗe a ajiye. Batir ya narke a ciki ya cinye ƙarafunan, allon ya mutu, maɓallin kunnawa ba ya amsawa. Amma da na haɗa ta da kwamfuta da igiyarta, wata 'yar jar fitila ta kama. Wato cikinta da rai, muryar tana nan.

A lokacin ana bin unguwanni gida-gida ana bincike. Mutane suna ƙona kaset ɗin wa'azi, suna binne littattafai, suna karya katin waya. Ba wanda zai tsaya ya saurari ko wa'azin wane iri ne. Ƙaramin abu mai igiya da fitila, a gidan malami, a gidan da ke da samari, ya isa a tafi da mutum ba a sake jin labarinsa ba. Surukata tana cikin takaba, a kan tabarma a bakin ɗakinta, lokacin da maganar ta taso. Ta dube ni ta yi magana da Hausarta mai nauyin Kanuri.

"Ɗana, abin nan ba zai ƙara kwana a gidan nan ba. Na ba da miji. Ba zan ba da 'ya'ya a kan ƙarfe ba."

Matata ta kira ta yadda Kanuri ke kiran uwa, ta ce, "Ya, muryar Baba ce fa a ciki."

"Muryarsa tana kunnena. In an zo bincike, kina ganin za a zauna a saurara? A sa shi a wuta."

Nan na sa baki, abin da ban saba yi ba a gidan. Na ce, "Hajiya, a ba ni ita. Zan fitar da abin da ke ciki in zuba a faifai, in rubuta waƙoƙin biki a bayansa. Ita kuma in fasa ta da hannuna."

"Zai daɗe?"

"Ba zai daɗe ba, aikina ne."

Ta tura wa matata rikodar da kwalinta a kan tabarma. Ta ce, "To, kun ɗauke wuta daga gidana kun kai gidanku. Allah ya tsare."

Rikodar ba irin filas ba ce da za ka cusa ka kwashi abin da ke ciki. Masu ƙera ta sun kulle ta, ba ta magana da kowa sai manhajarta, wadda ke kan wani faifai a cikin kwalin. Manhajar kuwa ta tsohon Windows ce. Na kai wa maƙwabcin shagona mai sabon Windows, ta ƙi shiga. Na gwada mayar da tsohon a kan kwamfutata, allo ya yi shuɗi ya tsaya. Akwai wani mai buga takardu da na san har lokacin yana da tsohuwar kwamfuta irin wadda ake buƙata. Na je na yi masa bayani, na yi kuskuren faɗin gaskiya cewa karatun malami ne a ciki. Ya miƙe tsaye ya leƙa waje.

Ya ce, "Don Allah, malam, kada ka ja mini. Ina da yara. Ban ga abin nan ba, kai ma ba ka zo ba."

Ban ga laifinsa ba, amma har yau ba ma doguwar gaisuwa.

Saura hanyar da na fi sani. Na ɗauko kwamfutar daga shago na kawo gida, don a lokacin shagon ya fi zama a rufe. Na jira aka kawo wuta, na sa faifan, na haɗa shi da manhajar nan mai shiga tsakani. Abu ya fara tafiya lafiya lau. Matata tana tsaye a bayana, hannunta a kan kujera. Layin da ke nuna ci gaba ya kai rabi, sai ya tsaya. Ya ce akwai wani ɓangare da babu, zai ɗebo daga intanet, in tabbatar ina haɗe.

Wannan kuwa a watannin da aka yanke layin waya ne gaba ɗaya a jihar. Babu kira, babu saƙo, balle intanet. Wayoyinmu sun koma fitilar hannu da agogo. In mutum ya mutu a wata unguwa, sai an tako da ƙafa a gaya maka. A irin wannan gari ne wani rubutu a kan allo yake ce mini, cikin ladabi, in duba haɗina in sake gwadawa.

Mutane sun riga sun samo dabara. Mai son yin waya sai ya shiga mota ya bar jihar, ya ratsa Damaturu da Potiskum, har ya faɗa inda layi yake. Yawanci Azare ake zuwa. Ba zan iya tafiya da rikodar ba, ba zan iya tafiya da kwamfutar ba, don a hanya ana zazzage aljihu. Na haddace sunan abin da aka ce babu, na sa filas a aljihun gaba inda kowa zai gani, na kama hanya. Matata ta naɗe rikodar a tsumma ta tura ta can cikin buhun gero.

Wanda bai bi hanyar nan a lokacin ba, ba zai gane ba. A kowane shinge sai an sauka daga mota, a ɗaga hannu sama, a taka a wuce, tsofaffi da masu goyo duka. Ka koma mota, kafin ka gyara zama an kai wani. Gefen hanya ga motocin da aka ƙona, ga garuruwan da ba kowa sai awaki. Ba mai hira a motar. Muna shiga yankin da ke da layi kuwa, wayoyi suka fara kuka a lokaci guda, saƙonnin watanni suna shigowa. Wata tsohuwa a kusa da ni ta fashe da kuka tun kafin ta san me aka aiko mata.

A Azare na tarar da mutanenmu a gindin itatuwa, kowa ya toshe kunne ɗaya da yatsa yana ihu a waya da Kanuri, da Shuwa, da Marghi, da Hausa, duk magana ɗaya: muna nan da rai. Ni na wuce su na shiga kafe, shagon intanet. Abin da na tako duk wannan hanya dominsa, kafin in gyara kujera ya gama sauka. Bai kai girman hoto ɗaya na waya ba. Na zauna ina kallonsa a kan allo, ina tunanin me zai rage wa wanda ya haɗa manhajar da ya saka shi a ciki tun farko. Na kwana a masallacin tasha saboda ana rufe hanya tun da sauran rana, washegari na juyo.

Na iso gida ban ko sha ruwa ba. Babu wuta, na roƙi maƙwabci ya ja mini layi daga janaretonsa. Na zuba abin da na kawo, na sake farawa. Layin ya wuce inda ya tsaya a da. Matata ta ce, "Alhamdulillahi." Bai yi nisa ba ya sake tsayawa. Shi wannan ɓangaren da na kawo, ashe shi ma yana da nasa ɓangaren da yake jira, kuma shi ma daga intanet.

Ban san lokacin da na daki tebur ba. Kamar mutumin da ya aike ka kasuwa sayen gishiri, ka dawo ya ce af, saura daddawa, alhali tun farko ya san miya zai yi. Me ya hana a faɗa mini duka a lokaci guda? Na san amsar, don ni ma ɗan sana'ar ne. A wurinsu wannan ba matsala ba ce, na'ura za ta ɗebo na farko ta ɗebo na biyu, mutum yana shan shayinsa bai ma sani ba. Ba mugunta suka yi ba. Kawai bai taɓa faɗo musu a rai ba cewa akwai inda kowane ɗan ɓangare yake nufin mutum ya ɗaga hannu sama ya ratsa jiha guda. Wannan rashin tunawa da mu shi ya fi ƙona mini rai, da ma mugunta ce da na san inda zan ajiye ta.

Matata ta ce, "Maigida, a bar shi haka. Hanyar nan ba ta biyuwa sau biyu."

Na ce, "Na yi wa Hajiya alkawari. Kuma ke ba kya son ki ji?"

Ta ɗauki rikodar ta shafa ta da gefen mayafinta, ta mayar cikin gero. A satin nan aka yi bincike a unguwar da ke kusa da mu, muna jin ƙarar motoci daga tsakar gida. Surukata ta aiko babban wan matata ya tambaya ko an gama. Na ce a gaya mata saura kaɗan.

Tafiya ta biyu na yi ta da wani shiri daban. Na kwafi abin da ke kan faifan a filas na tafi da shi. A Azare na sami mai kafen, wani dattijo mai haƙuri wanda ya gaji da ganin fuskokin mutanen Borno, na gaya masa abin da ke tafe da ni. Wannan karon ma gaskiya na faɗa, shi kuwa bai leƙa waje ba. Ya nuna mini wata kwamfuta a lungu da ba a amfani da ita, ya ce in yi yadda nake so. Na sa mata Linux irin nawa. Na bar manhajar ta nemi duk abin da take nema, ina kama kowane ɓangare ina ajiyewa a gefe. Na farko ya kira na biyu, na biyu ya kira wasu, har da haruffan da za ta yi rubutu da su a kan allo sai da ta nema. Na tattara su kaf na ƙunsa wuri guda.

Sannan na yi abin da ya zama ɗabi'ata har yau. Na goge kwamfutar tas, na sake sa mata tsarin daga farko, na sunkuya na zare igiyar intanet daga bayanta na ajiye a kan tebur inda nake ganinta. Na mayar da ita kamar tana Maiduguri ke nan, ba layi. Na gwada ƙunshin, ya tsaya, ya nemi wani abu. Na mayar da igiya na kamo shi, na sake gogewa, na sake zarewa. Mai kafen yana ta kallona, ya ce bai taɓa ganin wanda ya zo kafe yana cire intanet da hannunsa ba. Haka na yi ta yi, kwana ya ƙaru a kan kwana, ba ni da hanyar gaya wa matata dalili. A ƙarshe ƙunshin ya shiga daga farko har ƙarshe bai tambayi komai ba, manhajar ta buɗe. Na yi sallama da dattijon, na kama hanya da wani irin alfahari da nake jin kunyar tunawa.

Tun daga bakin titin Wulari na ga alama. Shaguna a rufe, maza a tsattsaye a ƙofar gidaje ba mai magana. Wani ya ce mini jiya da safe aka zagaye unguwar, aka fitar da maza aka zaunar a rana, aka shiga gidaje. An tafi da ɗan maƙwabcinmu saboda wani katin waya. Na shiga gida da sauri. Matata tana zaune a bakin murhu, lafiyarta lau. Gidan yana ta ƙamshin turaren wuta, irin mai kyaun nan da mahaifiyarta ta haɗa mata tun na aure, wanda take tattali ba ta sawa sai da dalili.

Ta kawo mini ruwa, ta jira na sha. Sannan ta ce, "Maigida, na ƙona ta."

Ta ci gaba, muryarta ba hawa ba sauka.

"Ina dama kunu na ji su a gidan da ke jikin namu, suna zazzage buhuna. Na ji matar gidan tana roƙo. Na ce in suka same ta, za su tambayi ina mai gidan, a ce ya yi tafiya ba a san ranar dawowarsa ba. Ga kwamfuta a ɗaki. Sai na ciro ta na tura ƙarƙashin tukunya, da igiyar da kwalin. Roba ta fara wari, na kwaso turaren nan gaba ɗaya na zuba a kan garwashin."

Na ce, "Sun shigo?"

"Sun shigo. Ɗaya ya danna kwamfutar, babu wuta, ya bar ta. Ya ɗaga katifa. Ya ce gidan nan akwai ƙamshi. Suka fita."

"Buhun geron fa?"

"Ko kallonsa ba su yi ba."

Wata magana ta taso mini har maƙogwaro, na haɗiye ta, kuma na gode wa Allah da na haɗiye. Da wane baki zan faɗa? Mahaifinta ne. Ita ta fi kowa son abin nan, ita ce kuma ta tura shi wuta da hannunta don kada a tafi da ni. Fushin ya rasa inda zai sauka. Waɗanda suka kashe shi ba a kiran sunansu. Waɗanda suka shigo bincike ba a tambayarsu. Na tona tokar murhun da itace, na samo wani dunƙulen baƙin abu da 'yan ƙarafa a jiki. Matata ta karɓa ta binne a gindin bishiyar tsakar gida, ta ce akwai ayoyi a ciki, ba a zubarwa a shara.

Da aka kawo wuta da yamma, ban san me ya kai ni ba, na kunna kwamfutar na sa filas ɗin. Na danna ƙunshin. Ya shiga sumul, bai tsaya ba, bai tambayi komai ba. Manhajar ta buɗe, fari fes, da 'yan maɓallanta a jere, da wurin da sunayen muryoyi za su fito. A tsakiya ta rubuta cewa in haɗa na'urar. Ko da za ta karanta rikodar in da tana nan, ko da wata sabuwar matsala za ta ɓullo, wannan ban sani ba kuma ba zan taɓa sani ba. Abin da na sani shi ne da tun ranar farko abin ya zo a cike, da an gwada tun rikodar tana hannuna, matata tana tsaye a bayan kujera.

Washegari muka je Shehuri. Ni na yi niyyar yin bayani, surukata ta ɗaga hannu. Ta dubi 'yarta ta ce, "Kin yi daidai." Ni kuma ta ce mini, "Sannu da hanya, ɗana." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan an dawo da layi, na ɗora ƙunshin nan a wani dandali na masu irin aikinmu, ko wani mai irin rikodar zai amfana. Wani ya amsa mini daga wata ƙasa. Cikin mutunci ya yi maganar, ya ce ƙunshin ya yi nauyi, ba a cusa komai da komai a ciki, tsarin da ya dace shi ne a bar na'ura ta ɗebo abin da take buƙata, haka ya fi tsabta. Na san a ƙa'idar sana'a yana da hujja. Na fara rubuta masa amsa, na ba shi labarin shingaye da buhun gero da turare, na ga abin ya yi tsawo kuma Turancina ya ƙare, na goge. Na bar ƙunshin yadda yake. Har yau duk abin da zai fita daga hannuna a cike yake fita, kuma sai na zare igiya na gwada. Masu cewa aikina yana da nauyi su yi ta faɗa.

Turaren nan kuwa bai sake shiga gidana ba. Surukata ta haɗa mata wani, ta karɓa ta yi godiya, ta ba maƙwabciya.

Shekaru sun wuce, gari ya ɗan lafa, mun sami 'ya mace. Wata rana da hantsi yarinyar ta tambayi uwarta yadda kakanta yake magana. Matata ta buɗe baki za ta kwaikwaya mata yadda yake kiran shayi, sai ta tsaya. Ta sake gwadawa, ta girgiza kai. Ta ce kalmomin suna nan, amma sautin ya tafi, in ta nemo shi sai ta ji muryar wanta. Ta juyo gare ni.

"Maigida, kai ka tuna? Muryar Baba mai kauri ce, ko siririya?"

Na yi ta lalube a kaina. Na ga tabarmar zauren, na ga gefen rigarsa da yatsun ƙafarsa, don iyakar abin da idona ya saba gani ke nan. Shekarun da na yi ina surukinsa, a guje na yi su, ina sauya lungu, ana yabona. Abin da ya rage mini duka bai wuce "lale, lale" ba, shi ma ban tabbata da muryarsa nake jin sa ba ko da tawa.

Na ce, "Mai kauri ce."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta juya ta ce wa yarinyar, "Mai kauri ce."